Fayil ɗin Iliyasu Kona

"Wadda ta fi sauri za mu saya," in ji Darakta, yana duban kwamfutoci biyun da aka jera a ɗakin taro.

Shugabar rajista ta miƙe. "Yallaɓai, a ba ni minti biyar."

Tun da aka kwaso fayilolin ma'aikata daga Yola a 1991, ita ke riƙe da su. Makon jiya ta ba kamfanoni biyu masu tallar manhaja, na wani mutumin Legas da na wata matar Jos, fayil ɗari uku, kowa ya shigar a manhajarsa.

Ta ce, "Ku nemo mini Iliyasu Kona."

Mutumin Legas ya danna, nan take amsa ta fito. "Babu mai wannan suna, Madam."

Kwamfutar matar Jos kuwa ta yi ta gurnani har Darakta ya dubi agogo. Can sai ga Elias Kona, Eliyas Kona, Elyasu Kona, duk ranar haihuwa ɗaya.

"Mutum ɗaya ne," in ji shugabar. "Kowane akawu yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Rabin mutanenmu haka suke. Wannan za mu saya."

Darakta ya ɓata rai. "Wane ne shi, da za ki zaɓar mana saboda shi?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Direba ne. Shekara huɗu yana zuwa neman takardar ritaya ana ce masa babu shi, har ya rasu. Ni nake gaya masa, Yallaɓai. Ban taɓa buɗe durowar E ba."