Katin Shiga Haikali

Saura mako guda a ɗaura wa Abby aure, amma uwarta Constance ba ta da izinin shiga inda za a ɗaura shi.

Haka dokar cocin Mormon take. A cikin farin haikalin nan mai dogayen hasumiyoyi, wanda ake hangowa daga babban titin da ya kewaye Washington, ake ɗaura auren, kuma ba mai tsallake ƙofarsa sai da ɗan katin da Bishop, limamin cocinsu, ya sa wa hannu, shaidar mutum yana kan imani. Na Constance ya daina aiki tun bara. Ba faɗa ta yi da kowa ba. Wata Lahadi ce ta miƙe za ta ba da shaida gaban jama'a, kamar yadda ta saba tun farkon zuwanta daga Zariya, sai ta ji babu sauran komai a zuciyarta. Ta koma ta zauna, ba ta sake zuwa ba.

Tun daga ranar nan, hutu ya ƙare mata. Linda, shugabar matan cocin, ta riƙa kawo biskit har gida a Hyattsville, tana murmushi tana cewa kowa na kewarta. Dattawan cocin bibbiyu suna ƙwanƙwasa ƙofa. Waɗannan duk da sauƙi, ana iya ƙin buɗe musu. Bishop ne ba ya gujuwa. Ya san ta fara shan shayi a ɗakin maƙwabciyarta Uwani, alhali cocin ya hana. Ya san ta cire fararen tufafin cikin da ta yi alkawarin sawa har mutuwa, ta ninke ta ajiye. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma wallahi wannan ya fi ci mata rai.

Abby kuwa kuka take a waya, da Turancinta na 'yan nan, tana cewa kalma ɗaya ce fa, Mama, ki ce e kawai. Ita kaɗai Allah Ya ba Constance.

"Haba Yaya," in ji Uwani, 'yar Maraɗi mai kitso. "Ki ce wa Bishop kin yi imani mana, ki ga auren ɗiyarki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Ba ki san shi ba."

"Wa bai san shi ba a ginin nan?"

Ran Lahadi, bayan an tashi sujada, Constance ta shiga ofishin Bishop. Ya miƙe ya nuna mata kujera, ya kira ta Sista Constance. A ɗakin nan Turanci kawai yake mata. Wuyan farar rigarsa a yamutse yake, an goge shi gugar wanda bai iya ba. Ta kawar da kai.

Ya fara tambayoyin da ake yi wa kowa, ɗaya bayan ɗaya. Ko ta yi imani cewa wannan ne cocin gaskiya? Ta tuna Abby cikin farar riga, tana waiwaye tana neman fuskar uwarta a cikin baƙin fuskoki.

"E," ta ce.

Katin yana gabansa, biro na hannunsa. Ya kalle ta, sannan ya ajiye biron a hankali.

"Ba gaskiya kika faɗa ba, Sista."

Ba ta san lokacin da ta zube kan gwiwoyinta ba. Ta ce ita ta ɗauki cikin yarinyar nan, ita ta yi ta aikin kula da tsofaffi a gidajen mutane har bayanta ya lalace don yarinyar ta yi karatu. Ta ce a bar ta ta shiga ko a bayan kowa ne, ba za ta yi tari ba.

Idanunsa sun yi ja. Ya ce ƙofa a buɗe take, ta dawo da zuciya ɗaya, shi da kansa zai sa hannu. Amma ba zai yi wa Allah ƙarya ba, ko don waye.

"To ranar Asabar a ina zan tsaya?"

"Akwai ɗakin jira a waje," ya ce.

Ta fito. Mutane duk sun watse, mota ɗaya ce ta rage a filin, wata tsohuwar Toyota. Ta jingina da ita ta yi kuka har ya ishe ta, don ba ta da inda za ta je.

Can sai ga Bishop ya kulle cocin, ya sassauta laktayen, ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Maman Abby," ya ce da Hausa, "shiga mu tafi gida."

Ta shiga ta zauna a gefen mijinta, uban amarya, wanda zai shiga haikalin ranar Asabar shi kaɗai.