Kofin da Aka Ajiye wa Kansila

Ana tsakiyar zaman majalisar ƙaramar hukuma, Malama Na'ima, jami'ar lafiya, ta dire kofin ruwa a gaban Kansila Labaran.

"Ranka ya daɗe, ka ce ba rijiyar unguwarku ke kawo amai da gudawa ba. To, bismillah."

Labaran ya dubi taga. Mutanen Badarawa ne maƙil, waɗanda ya rantse wa ba za a rufe musu rijiya ba. Ya dubi kofin, ya ga fuskarsa a ciki tana rawa, kamar mai neman hanyar fita. Yara uku aka kwantar a makon nan.

A hankali ya ture kofin. "Azumi nake."

"Da goro a bakinka?" in ji wani kansila.

Nan take aka kaɗa ƙuri'a, aka yanke a rufe rijiyar.

Sai Na'ima ta ɗauki kofin ta shanye tas.

"Ruwan leda ne na juye a ciki," in ji ta. "Kun cire kuɗin gwajin ruwa daga kasafi, shi ya sa na gwada ka."