Geron Bayan Makewayi

Kai ɗan'uwa, jiya na ji ka a majalisa kana cewa gara ma zamanin Turawa, wai me 'yancin kan ya tsinana mana. Ban ga laifinka ba, yunwa ce ke magana, kuma ba ka ga zamanin da idonka ba. Gyara zama in ba ka misali.

Wani manomi ne baƙo ya sauka a gidansa da bindiga a kafaɗa, ya ce kwana biyu zai yi. Kwana biyu ya zama shekaru. Baƙo ya karɓe rumbu, ya hana shuka gero, ya ce auduga kaɗai yake so, don ita ake nema a garinsu. Kullum da la'asar sai mai gida ya tsuguna a gindin rumbun da ya gina da hannunsa, ya miƙa ƙwarya a auna masa abin da zai ba iyalinsa daga hatsin da baƙo ke kawowa. Ranar da ya ɗaga murya, ƙwarya ta koma wayam. Duk da haka bai yi shiru ba. Ya yi roƙo, ya yi gardama, ya sha ɗauri, ya haɗa kai da maƙwabtan da irin wannan baƙo ya zaune musu, har zama ya gagari baƙo ya ɗaure kayansa. Aka yini ana kiɗa da guɗa. Washegari manomi ya leƙa rumbu, auduga ce fal, ko ƙwayar hatsi babu, ga damina ta kawo kai. Wallahi ina tausayin mutumin nan, gona ta dawo hannunsa amma ba shi da abin da zai zuba mata.

Sai ga saƙon baƙo: hatsi na nan, a zo da ƙwarya kamar da, muddin za a ci gaba da shuka auduga. Yara na kukan yunwa, manomi ya sunkuyar da kai ya ɗauki ƙwaryar. Matarsa ta tare shi a ƙofa, ta shiga madafi ta zaro 'yan zangarniyoyin gero daga rufi, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Ashe duk shekarun nan tana shuka 'yan ramuka a bayan makewayi, inda ƙyama ba ta barin baƙo ya leƙa, don kada irin iyaye ya ɓace. Ta ce, "Malam, in ka kai ƙwaryar nan yau, har jikokinmu sai sun tsuguna." Ya ajiye. Suka shuka, suka ƙare damina da tafasa da rama, mutum ya rame har wuyansa ya zama kamar mariƙin lema. Da kaka ta yi, abin da suka samu bai kai rabin rumbu ba, masu surutu irinka suka ce ai ƙwaryar baƙo ta fi cika, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ranar nan a tsaye ya buɗe rumbunsa, ba wanda ya roƙa, ya ɗebo wa matarsa yana share hawaye. Ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya rataye a madafi don baɗi.

To, rumbunmu bai cika ba, na yarda, kuma aikin cika shi yana wuyanmu. Amma kada ka ƙara yi min marmarin tsugunon nan. Bahaushe ya ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.