Mabushin da Numfashinsa Ya Gajarta

An yi wani mabushi a Jos da ya yi suna wajen busa saksofon, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa. Kiɗan jaz yake yi, wanda ba a haddace shi, kowane makaɗi abin da zuciyarsa ta kawo a lokacin yake bi. Da dogon numfashi aka san shi. Sai ya ja iska sau ɗaya ya yi ta gudu a kan ƙahon, yana hawa yana sauka, har jama'a su miƙe suna jiran su ga inda zai tsaya. Shekara talatin yana haka, daga Kaduna zuwa Legas, har Yamai an gayyace shi. Ana nan ciwon huhu ya kwantar da shi wata huɗu. Da ya tashi bai yarda wani abu ya ragu ba. A wasansa na farko, wata Asabar da la'asar, zaure cike maƙil, ya ja iska yadda ya saba, yana kaiwa tsakiya numfashi ya yanke. Ƙahon ya yi wata ƙara kamar ƙyaure mai tsatsa. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Ya sauka daga dandamali, ya je gida ya tura akwatin ƙahon ƙarƙashin gado.

Bayan mako biyu mai gangarsa, wanda suka tsufa tare, ya je ya same shi. Ya ce, "Abokina, wancan numfashin ya tafi, ba zai dawo ba. Wanda ya rage fa, me za ka yi da shi?" Maganar ta yi masa zafi, amma da baƙon ya tafi sai ya jawo akwatin. Ya gwada, ya ga ƙirjinsa ba ya ɗaukar fiye da busa huɗu ko biyar a jere. To, sai ya koyi zaɓensu. Ya busa kaɗan a hankali, ya yi shiru ya bar ganga da jita su amsa, sannan ya dawo. Wata shida shi da mai gangar da wani mai jita suna wannan a tsakar gidansa. Ranar da ya koma dandamali zauren ya yi tsit, wata dattijuwa a layin gaba tana share hawaye da gefen mayafi. Wasu tsofaffin masoyansa suka ce wannan ba shi ba ne, suka daina zuwa, wasu kuma suka maye gurbinsu. Sai da ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana busa.

Hausawa dai sun faɗa, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.