Dattijon da Za Shi Gani

Sai da bas ɗin ta bar babban birni malamar asibiti ta waiwaya, ta ga wanda ya zauna kusa da ita. Mai gyaran agogon layinsu ne, ya sha sababbin kaya, yana ta murza hula a gwiwa.

"Ikon Allah! Kai kuma ina zuwa?"

"Mararrabar da za ki sauka," ya ce, idonsa na kan titi.

"Wa gare ka a can?"

"Wani dattijo nake son gani."

Ta gyara zama ta ƙura masa ido. A garin aka haife ta, babu gidan da ba ta sani ba.

"Wane dattijo?"

"Tsohon direba ne. An ce akwai shi da faɗa, kuma 'yarsa ɗaya tak."

Ta ja mayafi, ta daɗe tana kallon gonakin da ke wucewa.

"Me za ka ce masa?"

"Abin da na kasa faɗa wa 'yar tasa."

Ta ƙara juyawa wajen taga don kada ya ga murmushinta.

"Baba ba ya ji sosai da kunnen hagu," ta ce a hankali. "Ka zauna ta damansa."