Fuskar da Kande Ta Ba da Aro

Jiharmu ta kawar da muni kamar yadda ta kawar da shan-inna. Tun da aka buɗe shagunan musayar fuska, amarya kan ari fuska yadda ake aron sarƙar gwal.

Kande ta ara wa ƙanwarta Lantana tata, saboda tukunyar gas ta ƙone wa Lantana kunci. Ita kuma ta sa ta Lantana kafin a gama biki. Biki ya watse tuni, ba a dawo da ita ba. Gobe kuma dangin saurayin Kande za su zo ganinta, sai ta cire kunya ta je gidan Lantana.

"Yaya, har ɗakin aurena za ki biyo aro?" in ji Lantana, tana murguɗa bakin Kande.

"Fuskata ce, marar mutunci."

"Ita mijina ya gani ya ce yana so. In ba ki ya sake ni?"

Angon ya leƙo, ya ga tabon, ya kau da kai. "Masoyiya, sallami wannan baiwar Allah, abinci zan ci."

Kande ta ja mayafi ta rufe kuncin hagu, yadda Lantana ta saba yi. A hanya ta kira gwaggonta, ta ce a gaya wa baƙin gobe ta yi tafiya.