Maɗori da Ƙafar Matarsa

Zauna tukuna, ɗan'uwa, ka daina murza hannu haka. Ka ce abin da ya taso maka ya fi ƙarfin zama shiru, wai natsuwa aikin wanda ba shi da damuwa ne. To, saurara in ba ka misali.

A wani ƙauye an yi wani maɗori wanda ya gaji ɗori daga kakansa. Yana da wata ɗabi'a mai ba mutane haushi. In aka kawo masa mai karaya, ana kuka ana salati, ba ya taɓa ƙashi nan take. Sai ya zauna kusa da mai ciwon, ya ɗora masa tafin hannu, ya rufe ido, ya bi numfashinsa yana tasbihi a zuci, har sai ya ji hayaniyar gidan ta yi masa nisa kamar daga bayan gari take zuwa. A lokacin ne yatsunsa suke fara tafiya. Masu tsokana suna cewa gyangyaɗi yake yi, wasu kuma su ce da aljanu yake shawara. Ba ko ɗaya. Hankalinsa kawai yake tattarowa wuri guda.

Wata rana da hantsi, a tsakiyar damina, matarsa ta hau tsani za ta ɗebo gero a rumbu. Tsanin ya sha ruwa, ƙafa ta zame, ta faɗo. Kafin a kira shi daga gona, idon sawunta na hagu ya kumbura suntum, ya yi baƙi. Ya shigo ya tarar da ita a ƙasa. Shekara talatin suna tare, ko zazzaɓi bai saba ganin ya kwantar da ita ba. Wani maɗorin sai an haye kogi, ga kogi ya kawo, ba mai shiga. In ya yi kuskure, matar nan za ta ƙare rayuwarta tana jan ƙafa, kuma da hannunsa. Dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da yake hana kowa gaggawa, sai ga shi yana daka wa maƙwabta tsawa a kawo kara, a kawo tsumma, a kawo man shanu. Idonsa bai ga komai ba sai kumburin nan. Ya sa maza biyu suka danne ta, ya kama tafin ƙafar zai ja.

Matar ta dube shi, da ƙyar maganar ta fito. Ta ce, "Malam, kowa kana yi masa zaman nan. Ni ce ba za ka yi wa ba?"

Kunya ta kama shi. Ya saki ƙafar, ya ce wa mazan su sake ta, ya zauna. Kada ka ɗauka zaman ya zo masa da sauƙi. Yana rufe ido tunani ya yi masa caa: ga ta da sanda, ga 'yan'uwanta sun zo suna kallonsa, ga mutanen gari suna cewa matar maɗori gurguwa ce. Wani abu a ransa na ce masa tashi, lokaci na tafiya, kumburi na ƙaruwa. Bai tashi ba. Duk sanda tunani ya ja shi, sai ya komo kan numfashi, ya sake tasbihin daga farko. Ya yi haka ya fi sau goma. Can sai ya ji nasa numfashin ya daidaita da nata, kukan yara da surutun mata suka ja baya. Ya fara lalube. A idon sawun ya tarar ƙashi na nan a mazauninsa, targaɗe ne mai zafi amma ba karaya ba. Ya ci gaba da hawa ƙwaurin a hankali, inda ba kumburi, ba tabo, ba abin da ido zai tsaya a kai. Ƙasa da gwiwa kaɗan ya ji wuri ya fi sauran ɗumi, kuma yana taɓawa numfashin matar ya sarƙe. A nan ƙashin ya tsage. Da ya ja ƙafar nan da ƙarfin maza uku, da tsagar ta rabu biyu, wataƙila ma ƙashi ya huda fata.

Sai da ya buɗe ido tsoron ya kama shi sosai, don ya ga abin da ya kusa aikatawa. Ya jera kara a inda ya kamata, ya ɗaure, ya bar idon sawun da ruwan ɗumi da man shanu. Kafin a yanke gero matar tana zuwa rijiya da ƙafarta, ba ɗingishi.

Kai ma yanzu kumburin kake kallo, shi ya sa kake neman abin da za ka fizga. Je ka yi alwala, ka sami inuwa ka zauna, ka bar zuciyarka ta sauka kafin ka taɓa komai. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce hankali ke gani, ido gululu ne.